Gurgun Zakaran Kaka

Wata la'asar, malamar dabbobi ta yi sallama gidanmu a Unguwar Kanawa da ɗan akwatin ƙanƙara, wai tana ɗiga wa kaji rigakafi a ido, kyauta. Kakata ta shinshina kwalbar maganin, ta yamutsa fuska.

"'Yar nan, wane irin magani ne ba wari? Wa ya aiko ki?"

Kaka ta miƙa mata gurgun zakaranmu, ta ce shi kaɗai gare mu. Alhali tuni ta kora sauran ƙarƙashin gado, ta ƙure rediyo don kada a ji kukansu.

Yau ga shi na girma, ni ke yawo da akwatin rigakafin. Duk gidan da aka miƙo min kaza ɗaya, rediyo na ɓaɓatu a ɗaka, sai in gyara zama in ce, "Hajiya, ba sauri nake ba."