Sunan da Ke Katin Kande

Da aka kafa dokar cewa kowa ya yi rajistar mutumin da zai danna masa ƙirji in zuciyarsa ta tsaya, Malam Bawa bai damu ba, sai ranar da ya ga katin matarsa Kande. Sunan Sallau mai burodi ne a kai.

"Shekara ashirin da aure, ki rasa wanda za ki rubuta sai maƙwabci?"

"Malam, hannunsa ya saba da kwaɓi. Kai ko murfin kwalba ni nake buɗe maka."

Ya tafi ofishin unguwa don a sa sunansa. Ma'aikaciyar ta turo masa mutum-mutumin roba. "Baba, danna talatin, hura biyu, ka yi ta yi har minti biyu."

Bai kai rabi ba haki ya ci ƙarfinsa, fitilar ta koma ja.

"Allah ya ji ƙan Hajiya," in ji ta, ko murmushi babu.

A hanyar gida ya tsaya bakin tanderu, ya daɗe yana hararar damatsan Sallau.

"Sallau, in ranar ta zo, ka danna da ƙarfi, kada ka ji kunyata. Hurawar dai ka bar mini."