Kankaren Da Aka Hana Wa Ruwa

Tun rasuwar matarsa A'i, Malam Dalhatu shi kaɗai yake kwana yake tashi a gidansa na Danwarai, kusa da Aliero. 'Ya'ya mata duk suna ɗakunansu, ɗan namijin ɗaya, Waliyyu, yana aikin gwamnati a Sakkwato. Tuwo daga maƙwabta ake aiko masa, ya ci rabi, ya zauna yana kallon rabin. Da rana yana gonar albasa. In ya dawo kuwa, ko akuyar da zai daka wa tsawa babu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka dawo da ma'aikata 'yan asalin jihar gida, Waliyyu aka tura shi Jega. Ya zo da albishir: zai gina gidan siminti a filin da ke jikin na mahaifinsa, ya kwaso matarsa da yara su tare, ya riƙa zuwa aiki a babur. Ya warware wata doguwar takarda a kan tabarma, zanen gidan ke nan.

Ya yi ta bin layuka da yatsa. Nan fandesho, nan fila, nan linta a saman ƙofa da taga, falon kuma rufin kankare za a zuba masa, wanda suke kira dekin. A gefe akwai ƙananan rubutun boko, ya karanto su da sauri kamar mai sanarwa a rediyo.

"Baba, ka gane? Kai za ka tsaya kan aikin, ni sai na ida haɗa kayana Sakkwato."

Malam Dalhatu bai ga komai a takardar ba sai layuka kamar an yi kunya a gona. Amma mu masu furfura mun fi yarda mu faɗa rijiya da mu tambayi ɗan da muka yi wa kaciya inda hanya take.

"Waliyyu, gini na gina tun ba a haihe ka ba. Tai abinka."

Aka ɗauko Ɗantani birkila daga Jiga Makera, maginin ƙasa ne da bai daɗe da komawa aikin bulo ba. Gini ya tashi. Malam Dalhatu ya samu abokan hira, har shayi yake dafa wa leburori. Da yamma in sun watse, sai ya shiga ɗakunan da ba rufi yana rabo: nan jikarsa Lubna za ta kwana, nan za ta ɓata masa bango da gawayi.

Aka ɗaure rodi, aka tokare katako da itatuwa, aka zuba dekin cikin zafin bazara. Washegari Malam Dalhatu ya tarar da Ɗantani a sama da bokiti.

"Kai Ɗantani, mi kaka yi nan?"

"Ban ruwa, Baba. Hakanan nig ga suna yi Jega. Magina can sun ce a irin takardar nan ma ana rubutawa, a yi ta ba shi ruwa, kuma kar a taɓa tokaran sai an kwan biyu."

"Ka iya karatun ta?"

"A'a."

"To ni ma ban iya ba, mun yi daidai. Albasa ta sha ruwa bayan an cire ta, ruɓewa takai. Tubali ya sha ruwa, narkewa yakai. Abin da aka son shi bushe shi za ka jiƙa? Sauko, kar mutane su ce na ɗauko mahaukaci."

A Aliero akwai malaman makaranta da za su karanta masa rubutun nan kafin shayi ya huce. Direbobin albasa ma kullum suna zuwa Sakkwato, saƙon baki ya isa. Ya dai naɗe takardar ya tura ƙarƙashin katifa.

Cikin 'yan kwanaki rana ta gasa kankaren, ya yi fari fat. A idon manomin albasa, abin da ya bushe ya nuna. Ga shi an fara cirar albasa, yana bukatar itatuwa ya kafa rudun da zai jibge ta. Ya ce a zare tokaran.

"Baba, da an ƙara haƙuri," in ji Ɗantani.

"Diba shi, ƙashi ya fi wanga bushewa? Ko tsoro kaka ji in shiga da kaina?"

Ɗantani ya ji kunyar tsoho, ya shiga. Ya zare na gefe lafiya. Yana buge na tsakiya rufin ya sauko gaba ɗaya. An ciro shi da rai, amma ƙugunsa ya karye, bai sake hawa gini ba.

Waliyyu ya zo. Ya ɗauki ɓallin kankare ya murza, ya zube a tafinsa kamar garin rogo. Ya dubi mahaifinsa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, da ka ce ba ka gane ba, da na sake hwaɗi."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Abin da ya rage a hannunsa ya tafi jinyar Ɗantani. Ya kama hayar ɗaki biyu a Jega, yara suka shiga makaranta can, zama ya miƙe.

Yanzu sai sallah suke zuwa, su yini su koma kafin magariba. Malam Dalhatu yakan raka su bakin hanya, ya tsaya har ƙarar babur ta ɓace. Hanyar komawarsa ta gaban kangon take, don haka ya koyi zagayawa ta bayan masallaci.

Jama'a, kowane layi da kowace kalma a zanen gini akwai abin da take tsarewa, wani lokaci ran mutum ne. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, ko da wanda zai amsa maka ɗan cikinka ne.