Ɓerayen da Suka Warke

Dokta Tizhe ya ɗora gilashi na goma sha biyu a ƙarƙashin madubin awo mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ya duba gindin gashin bakin ɓeran, bai ga komai ba. Wata huɗu da suka wuce, irin wannan rashin ganin ne ya sa shi tsalle har ya kifar da kujera. Yau gumi ne ya bi bayansa.

Ɓerayen ba irin na rumbu ba ne. Baƙaƙe ne sumul, duk kamarsu ɗaya, an aiko masa da su Mubi daga inda ya yi karatu a Turai, da takardun shiga ƙasa da suka fi nasa yawa. Rabinsu lafiyayyu ne, suna keji mai koren tambari. Na keji mai jan tambari an cire musu ƙwayar gado guda, ABCC6, wadda ke gina wata 'yar ƙofa a tantanin ƙwayoyin hanta. In babu ƙofar, abin da ke hana sinadarin ƙashi taruwa a nama sai ya yi ƙaranci a jini, fata da jijiyoyi da bayan ido su soma ƙandarewa. A ɓera, gindin gashin baki ke fara zama kamar tsakuwa. Cutar dai tana da ɗan ladabi: ba ta kama kowa sai wanda ya gaje ta ta wajen uwa da uba duka.

Ba son ɓera ya sa Tizhe wannan aiki ba. Ƙanwarsa Selina, tela a Lamorde, ita ma cutar ke damunta: tun tana budurwa fatar wuyanta ta koma kamar ta figaggiyar kaza. Tsakiyar ganin idonta na dama ta riga ta tafi. Na hagu kuwa allura ke riƙe da shi, wadda ake soka mata cikin ƙwayar idon duk wata a Yola. Ta tsani allurar, ta tsani hanyar.

Tizhe yana koyar da ɗalibai ɗari huɗu, don haka kula da kejin ya faɗa hannun Baffa Bobboi, dattijo daga Sorau wanda ya yi shekara arba'in yana kiwo kafin ɓarayi su kora masa garke. Bobboi bai taɓa cewa aikin ya yi masa ƙanƙanta ba. Ya san kowane ɓera, abin da Tizhe da digirinsa uku bai iya ba. Da farko zafi da wahalar tafiya sun galabaitar da na jan kejin, haihuwa uku-uku, rabi su mutu. A hannun Bobboi suka koma takwas, tara, jiki na sheƙi. Tizhe ya yaba masa a gaban shugaban sashe.

Dabarar Tizhe ita ce garin 'ya'yan kuka a ruwan shan 'ya'yan jan keji da zarar an yaye su. Bayan wata uku ya duba. Uwayensu da tsakuwa, su babu ko ɗigo. Injin gwajin ƙwayoyin gado ya ƙone tun ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, amma hakan bai dame shi ba. Duk ɗalibin aji ɗaya ya san abin da iyaye biyu masu cutar ke haifa: 'ya'ya masu cutar.

Ya faɗa wa Selina, wai don ya faranta mata rai.

"Ban ce magani ba ne fa."

"Yaya, ɓera ya warke ko bai warke ba?"

"Ya warke."

"To ni na fi ɓera taurin kai ne?"

Ta soma dama kuka safe da yamma. Wata uku ba ta taka Yola ba. Tizhe ya sani. Ya yi mata faɗa sau ɗaya, a hankali, irin faɗan wanda ba ya son a ji maganarsa.

Sai daga baya ya yi abin da ya kamata ya fara yi. Ya raba sabuwar haihuwa gida biyu, goma sha biyu a kan kuka, goma sha biyu a kan ruwan famfo zalla. Na ruwan famfon ne ya gama dubawa yanzu. Su ma ƙalau suke.

Da safen nan kuma Selina ta kira shi. Ta ce ƙofar shagonta ta lanƙwashe daga tsakiya, ta tambayi maƙwabciyarta, ta ce ƙofa tana nan a miƙe.

Ya sami Bobboi a bakin famfo yana wanke kwalabe.

"Baffa, faɗa mini gaskiya. Ka ba su kuka dukansu?"

Dattijon ya ajiye kwalbar a hankali.

"Dokta, ruwan da ka ce, shi na ba. Ni ba na taɓa maganin mutum."

"Abincin fa? Ka canza wani abu?"

"Ko ƙwara."

"To me ya warkar da su?"

Bobboi ya goge hannu a rigarsa, ya yi murmushin mutumin da ya daɗe yana jira a tambaye shi.

"Kai ka yi boko, Dokta, amma ba ka yi kiwo ba. Wa da ƙanwa a keji ɗaya, jini ɗaya yana juyawa, wane garke zai tashi haka? Tun watan da suka zo na kwashe mazan jan keji, na sa musu ƙosassu daga koren keji."