Bindigar da ke cijewa a hannun saje

Auta, zauna in ba ka wani misali da babanku, Allah ya jiƙansa, ya sha ba ni. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, ban kuma taɓa riƙe bindiga ba, amma shekara talatin da ɗaya na yi ina wanke rigunan mai gyaranta. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, maganganunsa sai dawo mini suke yi ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda a da nake ji da rabin kunne. Da na ji ka ɗazu kana cewa telan da ka sallama shi ne na uku a shagonka, kuma duk cikinsu babu na kirki, sai wannan ta faɗo mini. Bai taɓa kama sunan kowa a cikinta ba, ni ma ba zan kama ba.

A wani barikin 'yan sanda aka kawo sababbin ƙananan bindigogi, irin waɗanda in an harba su da kansu suke tofar da kwanso su ɗauko harsashi na gaba. Aka ba wani saje guda ɗaya, mutumin da ya yi suna wajen saiti. Ranar gwaji ya harba biyu lafiya, na uku ya tsaya a karkace, bai shiga ba bai fita ba. Ya cire ya sake, ta sake cijewa. Sai ya je ya dangwarar da ita a gaban mai kula da ɗakin makamai, wani dattijon kofur da saura shekara biyu ya ajiye aiki. Kofur ya kwance ta, ya wanke daskararren maiƙon da take zuwa da shi daga masana'anta, ya ɗiga mata mai kaɗan. Ta cije. Ya canza gidan harsashin. Ta cije. Ya buɗe wani akwatin harsasai dabam. Abu ɗaya yake canzawa kowane karo, don ya gane inda cutar take, amma duk bai gano ba. Saje ya ce ya ɗauko magagari ya goge mashigar harsashin. Kofur ya ƙi, ya ce ƙarfen da aka ci ba ya tsirowa. Nan saje ya kai ƙara gun sufeto, wai tsoho ya manta aikinsa. Sufeto ya ba kofur zuwa Juma'a: ko bindiga ta gyaru, ko a fitar da shi daga ɗakin makamai da baƙin tabo a takardarsa.

Ran Laraba kofur ya daina duban bindiga, ya koma gefe yana duban mai harbin. Babanku ya ce irin wannan bindiga da hannun mai ita take dogara. In ta harba takan yi baya, tana neman hannu mai ƙarfi ta tokara, da wannan tokarar take ɗauko harsashi na gaba. In hannun ya bi ta, ƙarfin ya zube a banza. Da na kasa ganewa sai ya ce mini, ɗora turmi a kan katifa ki yi daka ki gani. To, kofur ya ga wuyan hannun saje yana lanƙwashewa duk harbi. Ya ja shi bayan ɗaki inda ba kowa, ya ce, "Yallaɓai, anya hannun nan lafiya?" Saje ya ce, "Kai tsoho, hannun nan ya harba harsashin da ya fi gashin kanka yawa." Kofur ya shafa sanƙonsa.

Juma'a ta zo, sufeto na tsaye, kurata sun yi layi. Kofur ya miƙa sabuwar bindigar ga wata 'yar sanda, siririya, shekararta ɗaya da shiga aiki. Ta dafe ta da hannu biyu, ta harbe harsasan kaf, ko sau ɗaya ba ta cije ba. Sannan ya ɗauko wata tsohuwar bindiga da duk barikin ya shaida ba ta taɓa ba kowa kunya ba, ya ba saje. A harbi na uku ta cije. Sufeto ya ce wa saje ya naɗe hannun rigarsa. Sai ga tsumma ɗaure a wuyan hannu, ya kumbura ya yi shuɗi. Ashe tun damina ya faɗi a babur, ya je ƙauye maɗori ya ɗora shi a ɓoye, don kada a cire shi daga aikin rakiya a zaunar da shi a tebur. Aka tura shi asibiti, kofur kuwa ya koma ɗakinsa ya ƙarasa shekarunsa biyu da mutuncinsa.

Na taɓa ce wa babanku wannan saje azzalumi ne, ya so ya ci amanar tsoho. Ya ce a'a, ba ƙarya ya yi ba. Kullum da asuba shi ke ɗaure tsumman da kansa, yana jin zogi, amma har cikin ransa ya yarda bindiga ce ba ta da kyau, domin ita yake iya riƙewa ya juya ya duba. Shi ya sa magabata suka ce, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.