Allurar 'Yar Mai Rake

Abincin rana mai rake ya kawo wa 'yarsa nas a asibiti, sai ya hango mutumin a gado na uku, zazzaɓi ya kayar da shi. Jami'in nan ne da ya ƙona masa baron rake a bakin kasuwar Karu, ya sa shi tsallen kwaɗo a gaban jama'a.

Ya ja 'yar tasa gefe. "Ki soke shi sau goma kafin ki samu jijiyar. Shi ma ya ɗanɗana."

"Baba, so kake a kore ni?"

Ta wanke hannu, ta duba kati, ta gabatar da kanta kamar yadda take yi wa kowane mara lafiya. "Sannu oga, ni ce nas ɗinka. Wannan kuma babana ne, mai rake. Ina jin kun san juna."

Mutumin ya dubi dattijon, ya dubi allurar.

Sau ɗaya ta soka ta samu jijiya. Kwana biyar tana yi masa allura, cizon sauro ma ya fi ta zafi. Kullum baban na zaune a benci, yana kallon ƙaton ya runtse ido, gumi na tsiyayo masa, yana jiran azabar da ba za ta zo ba.