Shafin Ƙarfen Orville

Merle na kan tsani yana kwance kusoshi, Lorna kuma na ƙasa riƙe da kofin gahawa.

"Yi a hankali, tsoho," in ji ta. "Makon jiya na binne miji, ba ni da ƙarfin binne abokinsa."

Tun suna samari Merle da marigayi Orville, mijin Lorna, suke aiki tare a wannan ɗan gari na Ohio. Merle kafinta ne, yana sassaƙa rumfar hayaƙi ta katako da ake kafawa saman murhu. Orville maƙeri ne, shi ke bi daga baya ya yi mata shafin ƙarfe mai kauri daga ciki, kamar shafin riga, don kada wuta ta lashi icen.

Sai gidan su Kowalski ya ƙone, daga rumfar wutar ta tashi. Orville ya rantse ƙarfe mai kauri ya saka kamar kullum. Gari kuwa, da ma neman na tsinewa yake, ya ce Merle ne ya sauko da katako kusa da wuta. Aiki ya ɗauke ƙaf. Har a coci mutane kan matsa idan ya zauna.

Orville kaɗai bai guje shi ba. Duk Lahadi sai ya jawo shi wannan kicin, wanda Orville ɗin ya gyara da kansa a shekarar gobarar, ya cika masa faranti da gasasshiyar kaza. Merle ya sha faɗa cewa ko ɗan'uwa na jini sai haka. Shi ya sa da Lorna ta ce fankar rumfar ta mutu, bai jira gari ya waye sau biyu ba.

Shafin ƙarfen rumfar ya sauko a hannunsa, mai nauyi, aiki na gani na faɗa. Ya juya bayansa, sai ya ga an yanke kusurwar hagu a karkace, an toshe gurbin da faci.

"Lafiya, Merle?"

Ya ɗaga kai ya dubi rufin kicin ɗin Lorna, a miƙe yake sumul. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Gida ɗaya tak ya taɓa auna wa irin wannan yanka saboda karkataccen ginshiƙi, shi da kansa ya ba Orville awon, kuma gidan su Kowalski ne. Ashe ƙarfe mai kaurin da Orville ya rantse ya saka a can, a nasa kicin ya saka shi.