Rezar Yanka Sabulu

Kwana da kwanaki ke nan ƙafafun Baba, mahaifinta, sun hana ta sukuni. Sun kumbura har takalminsa ya ƙi shiga, yanzu silifas ɗin maigidanta yake ja. In ya tashi daga kujera sai ya dafa bango tukuna, ya yi tsaye kamar mai sauraron kira daga nesa. Ta tambaye shi, ya ce tsufa ne. Ita kuwa zuciyarta tana gaya mata laifinta ne.

Tun da aka rage wa maigidan albashi a kamfanin da yake tuƙa mota ta ɗaura ɗamarar tsimi. Sabulu sai ta raba shi biyu da reza kafin ya shiga banɗaki. Man goge baki in ya ƙare ta farke bututun ta kankare. Ruwan ɗaurayar kaya shi ne na goge ƙasa. Ƙwan fitilar baranda ta kwance shi. Ganyen shayi ta koma mai araha, sukari kuwa sai an roƙa. Yara suka sa mata suna Shugabar Tsimi. Tana shigowa ɗaki babbar 'yarta za ta ce, "Ku rage numfashi, ga Shugaba nan." Ko kofinta da hannunsa ya karye ta hana a yar, da shi take shan shayi, ta tallabe shi da tafin hannu biyu.

Abu ɗaya ne ta yanke ba ta gaya wa kowa ba: maganinta na hawan jini. Ciwon gado ne, ita da mahaifin nata iri ɗaya likita ya rubuta musu. Kwalba biyu duk wata ta yi wa aljihu nauyi, sai ta ci gaba da sayen ta Baba, tata kuwa da ta ƙare ta jefa a kwandon shara ba ta sake saye ba. Da farko kanta kamar zai tsage, har rannan ta zauna daɓas a ƙasan kicin tana riƙe da ƙeya, Baba na kallonta daga bakin ƙofa. Daga baya ciwon ya lafa da kansa. Ta ce a ranta, ashe da can kuɗi kawai take zubarwa.

To amma Baba fa? Ko naman da ta rage ne? Ko madarar? Ta mayar masa da ƙwai, shi kaɗai, yara na haɗiyar yawu. Kumburin bai sauka ba.

Ta kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta auna jininsa, ta yamutsa fuska, ta sake aunawa.

"Yana shan maganinsa kuwa?"

"Kullum, wallahi."

"To wannan jinin bai yi kama da na mai shan magani ba."

Baba dai ya duƙar da kai yana gyara zaman hularsa.

Suna komawa gida ta ɗauko kwalbar ta girgiza. Tana raguwa yadda ya kamata. Ta ɗaga katifarsa, ta leƙa bayan gado, ta laluba aljihun rigunansa ko zubarwa yake yi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta gani ba. Sai zarginta ya koma kan mai kantin maganin da ta sauya saboda rangwame. Ta je ta zazzage shi a gaban mutane, ta ce jabu yake sayarwa. Mutumin ya rantse har muryarsa ta dushe, ya ce ta kai duk inda take so a gwada.

Ta dawo gida. Komai na gidan ya soma ba ta haushi. Rezar yanka sabulu ta ɓata, ta ɗora wa auta, autar ta yi kuka ta ce ba ita ba ce. Farin gari-gari da take gani a teburin kicin da safe ta ce satar madara ake yi, ta ƙara wa gwangwanin ɗauri. Maigidan ya ce ta sassauta wa kanta, ta ce in ta sassauta shi zai cike giɓin?

Baba ne kaɗai bai gaji da ita ba. Mutumin da bai taɓa ɗora ruwa a wuta ba, yanzu shi ke riga kowa shiga kicin ya haɗa wa gida shayi, wai shi ma a ba shi muƙami a gwamnatin tsimi.

"Baba, shayin nan ɗaci gare shi."

"Araha kika sayo, Uwata. Shanye duka, kar a yi asara."

Sai ta shanye.

Da safiyar da ya yi tangaɗi a baranda har ya kusa kifawa, ta ƙudurta sai ta ga shigar maganin nan bakinsa da idonta. Kashegari ta riga shi tashi, ta laɓe bayan ƙofar kicin.

Ya shigo yana jan ƙafa. Ya ɗora ruwa, ya jera kofuna. Ya buɗe kwalbar ya zaro ƙwaya ɗaya ya ajiye a tebur. Sannan ya cire hularsa, ya fito da rezarta daga cikin naɗin. Ya daidaita ta a tsakiyar ƙwayar ya danna, ya jefa rabi a baki ya kora da ruwa.

Ta dafe ƙirji. Tsiminta ne ya koya wa tsoho wannan? Har ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta ga bai mayar da ɗaya rabin cikin kwalba ba.

Ya murƙushe shi da bayan cokali, ya tattara garin tsaf da yatsa, ya zuba a kofin nan mai karyayyen hannu.